Ɓari da zubar da ciki a karkara: me ke jawo su, me ke ceton rai?

Filin kiwon lafiya na wannan mako ya taɓo maganar da ba a cika yin ta a tsakar gida ba, balle a dandali: ɓari da zubar da ciki tsakanin matan karkara ƴan shekara 15 zuwa 49, wato shekarun haihuwa. Mun san magana ce mai nauyi a baki. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mata na rasa rayukansu a kan amalanke tsakanin ƙauye da gidan likita saboda jinin da ya tsinke, kuma da yawansu da an gaggauta da sun rayu. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware zancen daki-daki.

Kalma biyu, abu biyu

A takardun asibitocinmu, da Faransanci, kalma guda ce ake rubutawa, avortement, sannan a ƙara bayani ko da kansa ya fita ko fitar da shi aka yi. Hausa kuwa ta raba su tun asali. Ɓari shi ne ciki ya lalace da kansa kafin ɗan ya kai lokacin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa, kuma mafi yawansa a watanni ukun farko yake faruwa. Zubar da ciki kuma shi ne a yi amfani da magani ko wani abu da gangan don a fitar da shi.

Wannan bambanci yana da amfani, domin ruɗewar da ake yi tsakaninsu tana cutar da mata ta fuska biyu. Wadda ta yi ɓari ba da laifinta ba takan ji tsoron a zarge ta, sai ta yi shiru. Wadda ta sha wani abu kuma, in ta galabaita aka kai ta asibiti, sai ta ce ɓari ne, ta ɓoye wa ungozoma abin da ta sha. A jiki kuwa, alamominsu iri ɗaya ne: jini, ciwon mara, wani lokaci zazzaɓi. Taimakon da suke bukata ma kusan ɗaya ne.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Mu fara da ɓari. Masana sun ƙiyasta cewa cikin kowane ciki 100 da aka tabbatar, kusan 15 kan lalace da kansu. A ƙasar da mace ke ɗaukar ciki shida, bakwai ko takwas a rayuwarta, ke nan ba abin mamaki ba ne a ce yawancin gidaje sun taɓa ganin ɓari.

Game da zubar da ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce ana zubar da ciki kusan miliyan 73 kowace shekara a duniya. Kashi 45 cikin ɗari ana yin su ne cikin hatsari, wato a hannun wanda bai da ilimin aikin, ko a wurin da bai dace ba, ko duka biyun. Kashi 97 cikin ɗari na masu hatsarin a ƙasashe masu tasowa ake yin su. A Afirka kuwa, kusan uku cikin huɗu masu hatsari ne. Hukumar ta ƙara da cewa tsakanin kashi 5 zuwa 13 cikin ɗari na mace-macen mata masu ciki a duniya daga nan suke fitowa.

Cibiyar bincike ta Guttmacher da ke Amurka ta ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, tsakanin 2015 da 2019, mata 33 cikin kowace 1,000 masu shekarun haihuwa ke zubar da ciki a shekara, kuma mata kusan 15,000 ke mutuwa duk shekara a dalilinsa.

Ƙirga wannan abu yana da wuya, don ba kowace mace za ta faɗa wa baƙo mai takarda da biro sirrinta ba. Saboda haka masu bincike suka ɓullo da dabara: sai su tambayi mace labarin aminiyarta, ba tare da ta faɗi sunanta ba. An gwada wannan dabara nan Nijar a wani bincike na ƙasa da aka yi a 2022. Adadin da ya fito ta bakin ƙawaye ya ninka wanda matan suka faɗa game da kansu sau da yawa, kuma mafi yawan zubarwar an yi ta ne cikin hatsari. Abin da wannan ke nuna mana shi ne, wanda ake gani a asibiti kaɗan ne daga abin da ke faruwa a ɗakuna.

Akwai wani abin lura da ake samu a bincike-binciken ƙasashen yankinmu, kamar Najeriya da Burkina Faso. Zubar da ciki ya fi yawa tsakanin ƴan mata da matan birni da waɗanda suka yi lakkol. Amma hatsarinsa ya fi faɗawa kan talaka, marar karatu, mazauniyar ƙauye. Ita ce ta fi komawa ga saiwa da ƴan tallar magani, ita ce kuma ta fi nisa da likita in abu ya ɓaci.

Halin da macen karkara take ciki

Fiye da mutum 8 cikin 10 na ƴan Nijar a karkara suke zaune. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a karkara 8.1, a birni 5.6. Binciken Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, na 2021 ya nuna adadin ya sauko zuwa 6.2. Duk da haka muna cikin ƙasashen da suka fi haihuwa a duniya.

Wannan bincike na 2012 ya kuma nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18, kashi 28 kafin 15, kuma jihar Maraɗi ce kan gaba. Matan aure 12 kacal cikin ɗari ke amfani da hanyar zamani ta tazarar haihuwa a lokacin. Kusan rabin mata na fama da ƙarancin jini. A lokacin, mata 535 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Sannan kusan rabin jama'a ne kawai ke zaune a ƙasa da kilomita 5 daga gidan likita.

In muka haɗa waɗannan, hoton ya fito: ciki da wuri, ciki a kai a kai, jini kaɗan a jiki, asibiti da nisa. Macen da ke cikin wannan hali, jinin da wata za ta zubar ta tashi, ita sai ya kwantar da ita.

Me ke kawo ɓari?

A ƙauye in mace ta yi ɓari, nan da nan sai a fara neman mai laifi: kishiya, maita, iska, ko baki. Gidaje nawa ne suka watse a kan wannan zargi? Likitoci kuwa sun gano cewa kusan rabin ɓarin watannin farko daga halittar ɗan tayin ne kanta, wato tun haɗuwar ƙwan mace da na namiji aka samu tangarɗa, jiki kuma ya fitar da shi. Babu hannun kowa a ciki, ba na uwa ba, ba na kishiya ba.

Sauran dalilan, da yawansu ana iya rigakafinsu. Na farko a wurinmu shi ne zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina da kaka. Yana jawo ɓari, yana shanye jini, yana sa a haifi ɗa ƙarami ko marar rai. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin su tunjere, waɗanda dole a yi wa miji da mata magani tare. Akwai ciwon suga da ba a kula da shi ba. Akwai shekaru: hatsarin ɓari yana ƙaruwa bayan shekara 35, ya ƙara tsananta bayan 40, kuma a karkara mata da yawa na haihuwa har wannan lokaci. Akwai duka da cin zarafi a cikin gida. Akwai kuma shan magani barkatai daga tire ko kwandon ƴan talla, wanda ya sha rana, ba a san ƙarfinsa ba.

Wani abu da ya kamata a sani shi ne rukunin jini. Macen da jininta yake rhésus négatif, in ta yi ɓari ko ta haihu, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 don kare cikin da zai biyo baya. Gwajin jini a wurin awo ne ke nuna hakan.

Me ke kai mace ga zubar da ciki?

Mutane da yawa sun ɗauka ƴan mata marasa aure ne kaɗai ke yi. Gaskiya ne, tsoron abin kunya babban dalili ne. Yarinyar da ta yi ciki ba aure tana ganin korar gida, barin lakkol, da gorin da zai bi ta da danginta. Wasu cikinsu yaudararsu aka yi a wurin talla ko aikatau a birni, wasu fyaɗe aka yi musu. Wanda ya yi cikin kuma sau da yawa yana yawonsa, ba mai nuna shi da yatsa.

Amma akwai matan aure ma. Akwai mai goyo da ciki ya shiga kafin ta yaye, abin da ake kira rurrutsa ko kwanika. Tana jin kunyar surutun mata, tana tsoron ɗan da ke bayanta ya lalace. Akwai wadda ta haifi takwas ko tara, jiki ya gaji, rumbu ya ƙare tun kafin shuka. Akwai wadda aure ke tangal-tangal, ko aka sake ta da ƙaramin ciki. Akwai wadda maigida ya tafi ci-rani Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Abijan, ya bar ta da ɗawainiya ba aike.

In an bi diddigi, tushen guda ne: cikin da ba a shirya masa ba. OMS ta ce 6 cikin kowane 10 na irin wannan ciki a duniya da zubarwa suke ƙarewa. Duk inda mace ke son hutu amma ba ta samu hanyar tazara ba, ko don nisa, ko don maigida ya hana, ko don jita-jitar cewa allura na kashe mahaifa, to ƙofar wannan hatsari a buɗe take.

Hanyoyin ɓoye da abin da suke haifarwa

Ma'aikatan lafiya sun san abubuwan da ake kawo musu mata a kansu: jiƙon saiwoyi masu ɗaci, haɗe-haɗen da ba na ci ba ne, ɗibar ƙwayoyin magani fiye da ƙima, ko cusa wani abu a gaba. Muna faɗa da babbar murya, babu ɗayansu da ke da aminci. Abin da ya isa ya girgiza mahaifa ya isa ya lalata ƙoda da hanta. Abin da aka cusa yana iya huda mahaifa har ya taɓa hanji. Ƙwayoyin cuta su shiga jini, ko ciwon tetanos ya kama. Wadda ta tsira ma, wani lokaci hanyoyin ƙwai sun toshe, haihuwa ta tsaya ke nan, ko ta zauna da ciwon mara na shekaru.

Doka da addini

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta haramta zubar da ciki, ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya yi aikin da wadda ta nema. Dokar lafiyar haihuwa mai lamba 2006-16 ta 21 ga Yuni 2006 ta ba da dama a hali biyu, bisa shawarar likitoci: idan ci gaban cikin zai jefa rai da lafiyar uwa cikin hatsari, ko idan aka tabbatar ɗan da ke ciki yana ɗauke da mummunar cuta. A ɓangaren addini, sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya da muke bi ya hana zubar da ciki tun farkon shigarsa, malamai kuma sun yi sassauci idan ran uwa ne ke cikin hatsari.

Ga inda muke so a saurara da kyau. Kula da macen da ke zubar da jini bayan ciki ya fita, ko ta wace hanya ya fita, aiki ne halattacce na asibiti, kuma yana cikin tsarin ma'aikatar lafiya ta ƙasa. Ma'aikacin lafiya yana da nauyin riƙe sirrin marar lafiya. Tsoron tambaya bai kamata ya sa a bar mace ta mutu a ɗaki ba. Ceton rai kuwa, babu malamin da zai ce a jinkirta shi.

Jinkiri uku da ke kashewa

Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku. Na farko a gida yake: a tsaya ana jiƙe-jiƙe, ana jiran maigida ya dawo daga gona ko kasuwa, ko a kira shi a waya ya ba da izini. Na biyu a hanya: ba mota, sai amalanke ko kabu-kabu, ga rairayi, da damina ga gulbi ya cika. Na uku a asibiti: a iske ba jini a ajiye, ko sai an tura gaba.

Na farkon nan yana hannunmu gaba ɗaya. Ga alamomin da in an gan su ba a jiran gari ya waye. Jinin da ke jiƙa ƙyalle ko zane a kai a kai, ko mai fitowa da gudaji. Zazzaɓi da rawar sanyi. Ruwa mai wari daga gaba. Ciwon mara mai tsanani, ko ciki ya yi tauri. Jiri, gumi mai sanyi, ko suma. Sannan macen da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ko da jinin kaɗan ne, a ruga da ita: yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke fashewa jini ya taru a ciki ba a gani.

Haka nan in mace ta yi watanni ba al'ada, ciki bai girma ba, ba motsi, kada a zauna a ce kwantaccen ciki ne. A je a duba, don yana iya zama ɗan ya mutu a ciki bai fita ba.

A CSI, ungozomar da aka horar tana iya tsabtace mahaifa da magani ko da ƙaramar na'urar zuƙa ta hannu, abin da muke kira wankin ciki. Aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ƙarin jini. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura asibitin gunduma, ko cibiyar uwa da yaro ta jiha kamar na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko Maternité Issaka Gazobi a Yamai. Ƴan rakiya su tafi da shirin ba da jini. Ke kuma ƴar uwa, ki faɗa wa ungozoma gaskiyar abin da kika sha da lokacin da kika sha, don da shi za ta san maganin da ya dace.

Bayan an tashi, sai rigakafi

Mata da yawa ba su san cewa ciki na iya sake shiga cikin mako biyu bayan ɓari ba, tun kafin a ga al'ada. OMS ta ba da shawarar a huta aƙalla wata 6 bayan ɓari, bayan haihuwa kuma shekara 2 kafin sabon ciki. Wannan ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da addini da al'adarmu suka sani tun da. Don haka kafin a baro asibiti, a tambayi hanyar tazarar da ta dace: ƙwaya, allurar wata uku, na dantse, ko na mahaifa. Kowacce ana iya dainawa in an shirya haihuwa.

Tun 2005 gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara awon ciki, tazarar haihuwa da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Awon ciki a fara shi da wuri, kada a jira sai ciki ya fito. A nan ake ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani, tare da ƙwayar ƙarin jini, allurar tetanos da gidan sauro. Kunyar cikin fari da ke sa amarya ta ɓoye har wata shida, iyayenmu mata, ku taimaka a sassauta ta.

Magidanta, kaso mafi girma naku ne. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008 da tallafin UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalansu, kuma tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi har da wasu ƙasashen maƙwabta. Darasinsu mai sauƙi ne. Kafin ka tafi ci-rani, ka bar izini a fili cewa in ciwo ya tashi a kai ta asibiti ba sai an neme ka ba. Ka ajiye ɗan kuɗin mota a hannun wanda ka amince da shi. Ka raka ta ku ji bayanin tazara tare. Gari ma yana iya kafa asusun gaggawa, kamar yadda mata ke yin adashi, a san mai mota ko mai amalanken da za a tasa ko da tsakar dare.

Uwar miji, in surukarki ta yi ɓari, ta fi bukatar kunu mai zafi da lallashi a kan bincike da zargi. Uwa, in kin ga ƴarki ta canza, ki jawo ta jiki ki ji damuwarta kafin ta kai kanta hannun mai saiwa. Malamai da sarakuna, ku sa baki a bar ƴan mata su yi ƙwari su yi karatu kafin aure, a kuma hukunta masu lalata su.

Mai tambaya a kan wannan batu yana iya zuwa CSI mafi kusa, ko ya aiko mana da saƙo, za mu miƙa wa ma'aikatan lafiya su amsa a fili na gaba ba tare da an ambaci suna ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun sake haɗuwa.